Asabar: Auta ya binne ni da raina

Zafin Birnin Kebbi yau bai bar kowa ya leƙa waje ba, ga wuta tun hantsi, abin da ba mu saba gani ba. Bayan azahar Auta ya jona na'urar gem ta PS4 da Yaya ya bari, wai in zo mu kara a Puyo Puyo Tetris, wasan da ya haɗa Puyo da Tetris, kowa ya zaɓi ɓangarensa. Dariya na yi. Tetris ɗin da na ƙoshi da shi a ɗan gem mai batir tun ina firamare?

Na ɗauki ɓangaren da na sani: siffofi bakwai, kowace tubali huɗu, fili mai faɗin gida goma. Na tara gini, na bar rami a gefe ina jiran doguwar sandar nan da ke share layi huɗu a tashi ɗaya. Shi ya ɗauki Puyo, wasu 'yan ƙwayoyi masu idanu kamar alewa, bibbiyu suke faɗowa, in huɗu masu launi ɗaya suka haɗu sai su fashe. Na ga yana ta jibga su bai fasa ko ɗaya ba, na ce yaro ya rikice. Ashe tarko yake haɗawa. Ja ya fashe, kore ya rufto ya fashe, shuɗi ya biyo, har hawa biyar. Sai sharar tubalan da fashewar nan ta turo ta taso mini daga ƙasa ta manna ginina da rufi.

"Yaya, a sake?"

Sau shida ana sakewa. Abin haushin, masu buga shi a intanet sun daɗe suna ƙorafin ɓangaren Tetris ya fi ƙarfi.

Labarin wasan kam shirme ne mai daɗi. Duniyoyi biyu sun cakuɗe, wani Tee mai jirgin sararin samaniya ya haɗu da su Ringo na ɓangaren Puyo, kowace gardama kuma da karawa ake raba ta. Kamfanin Sega ya fitar da shi a Japan a 2014, sai 2017 ya isa Turai da Amurka, masu sharhi suka yi ta yabo. A gidajen gem ɗin garin nan dai ƙwallo ce sarauniya.

Da la'asar Inna ta aike shi sayen ƙanƙara, na lallaɓa na koma Puyo ni kaɗai. Na haɗa hawa uku, ina shirin fasawa aka ɗauke wuta.