Noma Mai Farfaɗo da Ƙasa: Daga Hannun Manoma Zuwa Ofisoshin Kamfanoni

A farkon shekarun 1980 ne Robert Rodale, jagoran cibiyar Rodale da ke jihar Pennsylvania a Amurka, ya fara yayata noma mai farfaɗo da ƙasa, bisa hujjar cewa bai wadatar manomi ya daina gajiyar da gonarsa ba, sai ya ƙara mata ƙarfi fiye da yadda ya same ta. Masu wannan ra'ayi 'yan tsiraru ne a lokacin, ana yi musu kallon maƙiya takin zamani.

Amma aikin da ya fi girma a maƙwabtanmu aka yi shi. Daga 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya ja hankalin manoman Maraɗi su daina tumɓuke kututture lokacin sassabe, su zaɓi toho mafi ƙarfi, su sare sauran. Da wannan sassabin zamani itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a hekta miliyan 5 na ƙasar Nijar, ba tare da an dasa su ba. A 2018 aka ba shi lambar yabo ta Right Livelihood, shi da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso.

Daga baya manyan kamfanoni suka shigo. A 2019 General Mills, kamfanin abinci na Amurka, ya yi alƙawarin mayar da gonaki eka miliyan 1 kan wannan tsarin noma kafin 2030, PepsiCo kuma ya ambaci eka miliyan 7 a 2021. Ban raina kuɗinsu ba, sai dai har yau babu ma'auni guda da kowa ya yarda da shi, don haka kowane kamfani yana iya liƙa sunan a kan abin da ya ga dama.

Mu Kanawa ba baƙi ba ne a wannan harka. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, ya nazarci yadda gonakin kewayen birni suke ciyar da ɗimbin jama'a duk shekara ba hutu: jakuna su fita da mangalar taki da rani su dawo da itace, a shuka wake tsakanin gero, a bar gawo a tsakiyar gona domin yana kakkaɓe ganye da damina.

Tun da takin zamani ya yi tashin gwauron zabi a 2022, manoma da yawa sun koma neman takin juji. Matsalar ita ce jujin birni yanzu ya cika da leda, sai mutum ya durƙusa ya tsince ta da hannu kafin ya watsa a gona.