Ga ƙannena masu DJ a Sakkwato, kan maganar canza salon kiɗa

Yaran da ke zuwa wajena kwasar waƙa ko aron mikisa kusan kullum zancensu guda ne, wai wane ya canza, da ba haka yake sa kiɗa ba, kuɗi ya bi. Ni ma na daɗe ina wanga zance, kuma shi ya ja mani asarar da ba ni so ku yi irinta.

Abu na farko da ban gane da wuri ba, mutanen da kake wa kiɗa ba tsaye suke ba. Lokacin da munka fara, da CD da ragowar kaset muke aiki, waƙoƙin fim na fiyano su ke tashe, sai ɗan Indiya, in kuma bikin baƙi ne ka sa makosa ko Awilo kowa ya tashi. 'Yan matan da sunka yi rawa gabana wancan lokaci yau su ne iyayen amare, suna zaune bisa kujera suna lissafin abinci, waɗanda ke cikin fili kuwa ɗiyansu ne da sunka tashi da waya a hannu, kunnensu TikTok ya gyara shi. Ni ban lura ba, na riƙe salon da anka san ni da shi ina ganin ai shi ne mutuncina.

Wajen 2021 da amapiano, wani salon kiɗan rawa na Afirka ta Kudu, ya cika Najeriya, akwai wani kamu da na yi a Mabera. Ƙawayen amarya sun zo su uku, ɗaya ta miƙo waya ta ce don Allah in haɗa mata wani kiɗan amapiano, ni ko duba ban duba ba na ce na san aikina. Na sa abin da nake sawa kullum, fili ya zama wayam, suna zaune kowa na danna waya, zafi ga shi, janareto na ta cin mai. Can wata dattijuwa, ƙanwar uwar amarya ce, ta taso har inda nake ta ce a hankali, "Ɗana, ka sa masu abin da suke so mana, ai ranarsu ce." Na sa, amma da ɓacin rai, kuma ban ma iya haɗa shi da na gabansa ba don ban taɓa zama na saurare shi ba. Ƙawayen nan su ne amaren gobe, su ke faɗin wane DJ za a kira. Kira ya ragu mani sosai bayan nan kuma na daɗe ina ɗora laifin ga yaran da sunka karye farashi.

Sai daga baya na zauna na bi tarihin manyan sana'ar, na ga kusan babu wanda bai juya ba. Tiësto ɗan ƙasar Holan da trance, wani salon kiɗan rawa na na'ura, ya yi suna, har shi ya yi kiɗa a bikin buɗe wasannin Olamfik na Atina a 2004, amma wajen 2009 ya bar salon ya koma house, wani salon kiɗan rawa na kulob, da kiɗan da ya fi kusa da na rediyo, tsofaffin masoyansa sunka yi ta fushi, shi ko ya ci gaba da cika filaye a Amurka. Avicii ɗan Suwidin ya hau dandalin Ultra, babban bikin kiɗa na Miami, a 2013 da makaɗan garaya irin ta ƙauyukan Amurka, mutane sunka yi ta zaginsa a intanet, cikin 'yan watanni waƙar da ya gwada ranar ta zagaye duniya. Na kusa da mu shi ne DJ Maphorisa na Afirka ta Kudu, ya yi house, ya shiga gqom, wani salon kiɗan ƙasarsu, wajen 2017, sannan a 2019 ya haɗu da Kabza De Small sunka zama manyan amapiano. Dalilan ba guda ba ne, wani gajiya ya yi da maimaita abu ɗaya kowane dare, wani daga ƙaramin kulob ya koma filin dubban mutane inda kiɗa mai zurfi bai isa baya, wani kayan aikin ne sunka canza. Wanda ke ɗaukar jakar faifai yana da iyaka, mai laftof da manhajar haɗa kiɗa irin Virtual DJ ko Serato duk abin da ke duniya na hannunsa, dole kunnensa ya buɗe ko bai so ba. Kuɗi ma na ciki, ban musa ba, mai iyali ba ya wasa da abin da ke kawo cefane.

To da na gane haka sai na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko yi mani ciwo har yau. Na juya gaba ɗaya dare ɗaya. Na sayi data na kwaso haɗe-haɗen DJ-DJ na Legas ina kwaikwayo, hadis ɗina, wato ma'ajiyar waƙoƙi ta kwamfuta, ya cika na goge tsohuwar folda don in samu wuri, kuma cikin foldar nan akwai waƙoƙin da na kwafo daga CD ɗin da tuni sunka karce, da kiɗan kalangu da na naɗa da kaina wajen makaɗa a bukukuwan Bodinga da Wamakko, abubuwan da ba su intanet kuma wasu masu su sun riga mu gidan gaskiya. Wallahi duk ranar da na tuna raina ɓaci yake.

Kuma ko aikin bai yi kyau ba. Amapiano a hankali yake tafiya, bugunsa wajen 112 ne a minti, house ɗin Turawa kuwa ya kai 128, kuma amapiano yana daɗewa yana shimfiɗa kafin gangar nan mai nauyi ta faɗo. A wajen dina cikin hol da 'yan jami'a yana zama daidai. Ni ko na kai shi wajen wuni, inda mata manya ke so su ji Hausa, su ji an ambaci amarya da danginta su fito su yi liƙi, sai ga su tsaye suna jiran waƙa ta fara ita kuwa ta yi minti biyu da farawa. Nan garin da ya saba da Narambaɗa da Ɗan Anace ne, kunnen mutanenmu magana yake bi kafin ganga, wanga abu na san shi tun ina yaro amma na yar da shi don ina son a ce na waye.

Shi ya sa nake ce maku in za ku canza, ku fara daga ƙafafun mutanen da ke gabanku. Sabon abu a sa shi tsakiyar taro bayan an ci abinci jiki ya saki, guda ɗaya ko biyu, tsakanin waƙoƙin da anka sani, ka ɗaga kai daga laftof ka duba wa ya tashi wa ya zauna. In ya karɓu ka ƙara a biki na gaba. Kafin ka kai shi fili ka zauna da shi a ɗaki da hedifon har ka san inda yake hawa da inda yake sauka, kar ka yi irin tawa ta Mabera. Ka kuma raba foldarka bisa ga taro, kamu daban, ranar ƙauyawa daban, dina daban, na baƙinmu 'yan Nijar da ke shigowa ta Illela su ma daban, don su jitar Agadas ke tada su. In kana son wani salo da ka san masu kiranka ba su so, akwai dabarar da Eric Prydz, wani DJ ɗan Suwidin, ke yi, yana fitar da kiɗa da sunaye daban, Pryda da Cirez D, kowane da irin nasa. Kai ma kana iya buɗe wani shafi ka riƙa zuba haɗinka can ba tare da ka gwada a bikin ɗiyar mutane ba.

Akwai kuma canjin da shekaru ke kawowa, wanda ku yanzu ba ku jin shi. Kunnena na hagu yana ƙara in dare ya yi saboda tsayuwa gaban sifika, don haka ku ja teburinku baya da su, ku rage bas in ba a buƙata. Da yawa cikin waɗanda munka fara tare sun bar fili, sun koma ba da hayar lasifika ga walimar sauka da wa'azi da taron siyasa, wasu don iyali, wasu don zuciyarsu ta daina natsuwa da kiɗan. In kun gamu da su ku gaishe su da girmamawa, ku tambaye su ko suna da tsofaffin waƙoƙi a ajiye ku kwafa. Kuma kuɗin aikin farko da ya shigo maku watan nan, ku sayi hadis na biyu ku zuba komai ciki ku aje shi gida.