Wata biyar saƙonnin mutane na kwance ban sani ba

Har yau in na tuna jika 300 ɗin nan (sefa dubu 300) sai shayi ya fita raina.

Sana'ata zane ce a kwamfuta: tambarin shago, takardar da ake mannawa jikin kwalba, katin biki. A ɗakina nake yi, nan unguwar Zariya a Maraɗi, kuma da baki aikin ke zuwa, wanda na yi wa ya gaya wa wani. Farkon 2023 wani abokina a fada, inda muke zaman hira da shayi, ya ce in ina son manyan ayyuka irin na Yamai, sai na buɗe shafin intanet nawa na kaina. Na biya kuɗin sunan shafi na shekara, na zuba ayyukana, na rubuta komai da Faransanci don a ga ni ma na yi lakwal. Can ƙasa na sa gurbin da mutum zai rubuta sunansa da buƙatarsa ya aiko.

Nan na yanka kaina. Gurbin na haɗa shi da wani sabon adireshin imel da na buɗe ranar, wai don sunan ya fi kyan gani, ban ko sa shi cikin wayata ba. Sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta. Mu da wutarmu ta Katsina take zuwa, kwamfutar ma sai in kwana biyu ban kunna ba. Ina zaune ina zagin shafin, ina cewa asarar kuɗi ce, ko mutum ɗaya bai kawo mini ba.

A Disamba na shiga imel ɗin neman wata takarda. Saƙo goma sha ɗaya. Na tsakiyar watan Yuli ya fito daga wata ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, suna son tambari da takardun kwalba kala shida, sun ware jika 300. Hannuna na rawa na kira lambar.

"Hajiya, ina wuni? Ni ne mai zane na Maraɗi."

"Ayya, ɗana, ai mun jira ka sati biyu. Wani yaro a Damagaram ya yi mana tuni. Amma wallahi naka muka fi so."

Da ma ba ta faɗi wannan ta ƙarshen ba.

Daren nan na cire gurbin. Na sa babban maɓalli kore tun daga sama, wanda in ka taɓa zai kai ka WhatsApp ɗina kai tsaye; adireshin da ke jikin maɓallin wa.me/ ne kawai, sai 227 (lambar ƙasar Nijar), sai lambarka, babu alamar ƙari. Alhazan kasuwarmu ba su rubuta imel, murya suke aikowa, sau da yawa bayan Isha'i. Na koma WhatsApp Business, na jera ayyuka a kundin kayan da ke ciki, na sa gaisuwar da ke fita da kanta in ba na kusa. Na ƙara Hausa gefen Faransancin, na rage nauyin hotuna, don ba wanda zai ƙona megansa yana jiran hotonka ya buɗe.

Wani abu da ban zata ba: hoton kwalba riƙe a hannun mai shago, da takardata a jiki, ya fi zane tsirara jawo kira nesa ba kusa ba. Na kuma rubuta cewa tambari daga jika 15 yake farawa, masu zuwa taya aiki da jika biyu suka ragu.

Yanzu duk Juma'a bayan masallaci nakan ari wayar ƙanena in aika wa kaina saƙo ta shafin, in ga ya iso. Ƴan fada na yi mini dariya. Kwalaben Hajiya kuwa sun iso Maraɗi, na gan su a wani shago kusa da babbar kasuwa, kuma rubutun jikinsu a karkace yake.