Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ɗaukar Hoton Jar Fata

A makon jiya na tsaya a inda wani ɗan unguwarmu da ke karatu a Yamai ya buɗe wa dukawan rumfarmu shafi a intanet, ya koma makaranta, ya bar mini aikin cika shi da hotunan kayan da muke ɗinkawa. Aikin ya faɗo kaina ne saboda ni kaɗai ke da salula mai kyamara ta kirki a cikin yaran kawuna.

Damagaram ta daɗe da yin suna wajen aikin fata. Majema suna jeme fatar akuya da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, sannan baduku ya yanka alabe ko jaka ko takalmi. Wanda ya zo kasuwar Dole ranar Alhamis yakan ɗauki jaka ya juya ta, ya shafa ɗinkin, ya shinshina fatar kafin ya yi tayi. Mai saye daga Kano ko Faransa kuwa ba shi da komai sai abin da hoto ya nuna masa, don haka na ɗauki launin fatar a matsayin abu na farko da dole ya fito yadda yake.

Haske ne ya fi cin lokacina. Ranar Damagaram da tsakar rana tana da ƙarfi ƙwarai, tana sa fatar da aka goge ta yi ƙyalli a gefe guda, ɗaya gefen kuma ya faɗa cikin baƙar inuwa har ɗinki ya ɓace. Fitilar salula ta fi rana ɓarna, domin tana barin farin tabo a tsakiyar jaka. Akwai kuma wata matsala da ta keɓanta da gidajen Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, wato katangun jar ƙasa da suke mayar da haskensu kan duk abin da aka ajiye kusa da su, har farar fata ta koma kamar an jiƙa ta da ruwan goro. Daga ƙarshe na zauna a bakin wani zaure da ƙofarsa ke kallon arewa, inda rana ba ta shiga kai tsaye a yawancin watannin shekara, na shimfiɗa farin kwali na lanƙwasa shi ya hau bango don kada a ga kusurwa a bayan kaya, na kuma jingina wani kwalin a ɓangaren da ke da duhu ya riƙa mayar da haske. Ƙwan lantarki nakan kashe shi, saboda hasken tsohon ƙwai mai ruwan ɗorawa yana wajen 2700 a ma'aunin launin haske da ake kira Kelvin, na rana kuwa wajen 5500, kuma idan suka haɗu kyamara ba ta sanin wanda za ta bi.

Hazon hunturu da kowa ke kuka da shi, ni ya yi mini rana, domin yana tausasa hasken sararin sama gaba ɗaya. Kuɗin da nake biya shi ne goge idon kyamara da fatar kafin kowane hoto, tunda ƙurar da ido bai gani ba takan fito sarai a kan baƙar jaka.

Farin kwali ma yana da nasa halin. Idan kyamara ta ga fari ya yi yawa sai ta rage haske da kanta, kwalin ya fito toka-toka, jan fatar ya yi duhu, sai mutum ya taɓa fuskar salula a kan kayan ya ɗaga hasken kaɗan da yatsa. Na kuma daina matsowa kusa sosai, saboda idon salula mai faɗi ne, yana kumbura abin da ke dab da shi, takalmi ya fito da ƙaton baki. Nakan ja da baya, in kafa salular a kan kujera, in sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa 3 don kada hannu ya girgiza ta, in yanke gefen hoton daga baya.

Samarin rumfa sun so a bi hotunan da manhajar da ke ƙara wa launi ƙarfi, kuma gaskiya sun fi ɗaukar ido. Na kai wa kawuna hoton asali da na gyaran na ce, “Kawu, wanne kuka ga za a sa?” Ya duba na gyaran ya ce, “Ɗana, wannan jan ba ni na rina shi ba. In mutum ya biya kuɗinsa ya buɗe ƙunshi bai ga wannan ba, sunana zai kira, ba sunan salularka ba.” A ganina hukuncinsa ya dace da fatar hannu, wadda kowace ke da ɗan bambancinta, shi ya sa ko tabo ne a jikin jaka nakan ɗauke shi a kusa in sa a jerin.

Kowane kaya na ba shi hoton gaba da na baya da na ciki da na ɗinki, duka masu kusurwa huɗu daidai don jerin ya tsaya sak a shafi. Da farko an ba ni shawarar ajiye tsabar dala ashirin ta sefa a gefe don nuna girma, amma baƙo bai san girman kuɗinmu ba, sai na riƙa rubuta tsawo da faɗi da santimita. Hoton salular yakan kai fiksel 4000 a tsawo, nauyinsa megabait da dama, sai in rage tsawonsa zuwa fiksel 1200 don ya buɗe da sauri ga mai raunin intanet.

Wata jaka mai ja da kore ce aka fara tambaya daga Yamai, kuma yadda muka yi da kawu wajen sa mata farashi da aika ta a motar fasinja shi ne labarin mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.