Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Minti Goma Sha Biyar

Makon jiya na tsaya inda na bar aikin gida-gida na koma ofishin ƙaramar hukuma, sashen kula da manya. Goggo Asabe ta bugo ta ce na faɗi komai ban da yadda ake yi da tsofaffin. To ga shi, Goggo.

A Ingila nauyin kula da tsoho da mai nakasa yana kan ƙaramar hukuma. Nan mutanenmu ke ruɗewa: magani kyauta ne a NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, amma wanka da sa kaya da kai mutum ban ɗaki sai an leƙa aljihu. Dokar kulawa ta 2014, wadda ta fara aiki a Afrilun 2015, ta ce duk wanda aka ga alamar buƙata tare da shi dole a tantance shi kyauta, ko attajiri ne. Abubuwa 10 ake dubawa, irin su ci da sha, tsaftar jiki, ban ɗaki da sa tufafi. Sai ya gaza biyu ko fiye, abin kuma ya taɓa rayuwarsa sosai, sannan ya cancanta. Daga nan sai lissafi. Mai ajiyar da ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa. Ƙasa da 14,250 ba a taɓa ajiyar, sai dai a ɗiba daga fansho. Tsakaninsu kuwa, kowane fam 250 ana ɗaukarsa kamar yana kawo fam 1 a mako. Tun 2010 alƙaluman nan ba su motsa ba.

Ranar tantancewa kunya ce ke cutar tsofaffinmu. A tambayi dattijo ko yana iya wanka, ya ce alhamdu lillahi, jami'ar tantancewa ta rubuta yana iyawa, alhali 'yarsa ce ke ɗaga shi kullum da asuba. In 'yar ta ce za ta ci gaba, hukuma ba dole ta biya wannan aikin ba. Kaɗan ne suka san ita ma tana da haƙƙin a tantance tata buƙatar. Baba Malam, Allah ya jiƙansa, ya kan ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma in mai ɗakin ya yi shiru fa?

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne ziyarar minti 15 da mai kula ke kai wa tsoho a gidansa. Buɗe akwatin makulli a bakin ƙofa, sallama, wanke hannu, sa safar hannu, ɓalle ƙwayoyi daga fakiti, ɗumama abinci, rubuta rahoto. Minti biyar suka rage, tsohuwa kuma ba ta ko sauko da ƙafa daga gado ba. Sai ta zaɓa: shayi ko ban ɗaki. Hukumar NICE, mai fitar da ƙa'idojin lafiya da kulawa, ta faɗa tun 2015 cewa ziyara kada ta gaza rabin awa, sai in wani takamaiman abu ne. Na kai takardar gaban shugabarmu, ta ce kasafi ba ya karanta takarda. Ban manta ba.

Daga 2023 hukumar CQC, mai sa ido kan ingancin kulawa, ta fara duba ƙananan hukumomin su kansu, su 153, tana ba su ɗaya daga matakai huɗu. Tamu ta samu "mai kyau". An yi kek. Ni na san tsarin kulawa da ya kamata a sake dubawa duk wata 12 ya kan shekara biyu ba a waiwaye shi ba, sai da aka ji masu duba na tafe aka hau kiran waya. Mai ɗaki dai, in ji Baba Malam.

Na yi gaba da yawa. Shekarar da Yaya Habu ya zo ganin likita nake son komawa, domin a lokacin na fara koya wa iyalai karɓar kuɗin kulawa daga hukuma a hannu su ɗauki mai kula da ta san alwala. Sai mako mai zuwa.