Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Karan Dawa

Makon jiya na tsaya a ranar da Kawu ya sauke ni a gidansa na Nasarawa cikin Kano, a 2004, ina 'yar shekara 14. Ban ko ajiye ƙullin kayana ba Hajiya ta ƙare mini kallo ta ce, "Wannan karan dawar fa? Ba a cin abinci a Bichi ne?" Falo ya ɗauki dariya. Har yau in na ga an jingine kara a bango sai na ji muryarta.

Ci kam ana ci. Tuwon dawa da miyar kuka, ɗumame da safe, jikin ne dai ba ya ajiyewa. Kafin hantsi na yi sawu uku zuwa rijiya, na yi surfe, na taka zuwa makaranta, da yamma kuma tallar fura. Inna takan ce tuwon da aka biya da gumi ba ya kwana a jiki.

A gidan Kawu kuwa, Ummi sa'ata ko ɗankwalinta ba ta wankewa. Direba ya kai ta, direba ya ɗauko ta. Ta dawo ta baje gaban talabijin da Indomie da ƙwai da lemon kwalba har magariba. Ko kantin bakin layi ba a aikenta, wai 'yar Alhaji ba ta yawo a ƙafa. In baƙi suka ce Ummi ta yi ɓul-ɓul, sai Hajiya ta gyara zama ta ce, "Hutu ne."

Wata shida ni ma na fara murmurewa, amma bai ishi Hajiya ba, kada a ce ba ta riƙe ni da kyau. Ta sa aka sayo mini sha-ka-fashe a kemis. Fuskata ta zagaye kamar fanke, ƙafafuna suna nan siraransu. Sai da na yi aure wata nas ta gaya mini irin ƙwayar da ake ba masu asma ce, ruwa take tarawa, kuma tana tayar da suga.

Suga dai Ummi ya kama, a cikinta na biyu, ba ta kai talatin ba. Hajiya ta ce sammu ne. Allah Ya ba Ummi lafiya, ita ba ta taɓa kirana kara ba.

Da Sallar bana na kai wa Hajiya 'yata gaisuwa, wadda nake sa wa ta taka zuwa Islamiyya ko da mota tana ajiye a gida. Hajiya ta tsufa, ido ya yi rauni, amma sai da ta lalubo hannun yarinyar ta matsa ta ce, "Kara ya haifi kara." Na ce, "Haka ne, Hajiya."

Zancen komawata Bichi hutun farko da abin da Inna ta yi da ta ga fuskata, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.