Koyar da Kai Rubutu da Talla a Intanet: Wa Zai Duba Maka Aikinka?

Yawancin masu rubutu a shafukansu na intanet, waɗanda suke kuma tallata rubutun ko hajarsu a kafofin sada zumunta, ba a aji suka koyi aikin ba, kuma ni ma ina cikinsu. Da kanmu muka nemi ilimin, daga kwasa-kwasan kyauta da bidiyoyi da bayanan da kamfanoni suke fitarwa, sannan daga lura da abin da waɗanda suka riga mu suke yi. Abin karantawa bai taɓa yin ƙaranci ba, har ma yawansa yakan sa mutum ya rasa inda zai fara. Abin da mai koyar da kansa ya rasa shi ne malamin da zai karɓi aikinsa ya duba, ya ce masa nan ya yi daidai, nan kuma ya kauce. A ganina duk nasarar wannan hanya ta rataya ne a kan yadda mutum zai samar wa kansa wannan mai duba aiki, domin idan babu shi, zai iya shafe shekaru yana maimaita abu ɗaya yana zaton ƙwarewa yake ƙarawa.

Ba na raina kwasa-kwasai. Google yana da Skillshop, kamfanin Meta yana da Blueprint, HubSpot kuma yana da makarantarsa ta intanet, kuma akasarin darussansu kyauta ne. Amfaninsu shi ne suna sanar da sabon shiga sunayen abubuwa, su nuna masa yadda sassan aikin suke haɗe da juna, ta yadda idan ya buɗe shafin alƙaluma ba zai ruɗe ba. Sai dai ya kamata a riƙa tunawa cewa kowane kamfani kayansa yake koyarwa. Darasin Meta zai ƙware wajen nuna maka yadda ake sayen talla a Facebook da Instagram, amma ba shi ne zai gaya maka ko aikinka yana bukatar tallan kuɗi tun farko ba. Takardar shaidar da ake bayarwa a ƙarshe kuma tana nuna cewa mutum ya amsa tambayoyi daidai. Ko rubutunsa yana riƙe mai karatu, wannan sai an je wani wurin za a gano.

Wurin da na fi samun amsar shi ne Search Console, wata manhajar Google ta kyauta da kowane mai shafi zai iya haɗawa da shafinsa. A cikinta akwai jadawali mai nuna ainihin kalmomin da mutane suka rubuta a injin bincike har shafinka ya bayyana musu, da sau nawa ya bayyana, da sau nawa aka latsa shi, da matsakaicin matsayinsa a jerin sakamako, kuma tana ajiye wannan bayani na tsawon watanni 16. Mu ɗauka wani rubutunka ya bayyana sau 1,000 amma sau 10 kacal aka shiga, wato kashi 1 cikin 100, alhali yana shafin farko na sakamako. Wannan layi ɗaya ya gaya maka abin da babu wani kwas da zai gaya maka: mutane suna neman abin da ka rubuta, Google ya kai ka gabansu, amma da suka karanta taken rubutun sai suka wuce. Idan ka duba kalmomin da suka yi amfani da su, sau da yawa za ka tarar tambaya ce kai tsaye, irin ta yaya ake yin kaza ko me ya sa kaza ya ƙi aiki, kai kuwa ka sanya take mai ado wanda bai ambaci matsalarsu ba, ko kuma mai tsawon da Google ya datse shi kafin a kai ga kalmar da ta fi muhimmanci. A nan darasin ranar ya fito da kansa. Sai ka je ka karanta abin da aka rubuta a kan tsara take, ka sauya shi, ka rubuta ranar da ka sauya, ka bar shi na 'yan makonni, sannan ka dawo ka kwatanta.

Wannan rubuta ranar da na ambata, shi ne ginshiƙin aikin. Ina da littafi da nake rubuta abu uku a cikinsa duk lokacin da na gwada wani sabon abu: abin da na sauya, abin da nake tsammanin zai faru, da abin da ya faru a zahiri. Na biyun ya fi wahalar rubutawa, kuma shi ya fi amfani, saboda zuciyar ɗan Adam tana da saurin cewa dama na san haka za ta kasance, bayan abin ya riga ya faru. Idan hasashen yana rubuce tun kafin sakamako, babu yadda mutum zai yaudari kansa. Sharaɗi na biyu shi ne a sauya abu ɗaya a lokaci guda. Wanda ya sauya take da hoto da lokacin wallafawa a rana ɗaya, sannan masu karatu suka ƙaru, ya samu ƙaruwa amma bai koyi komai ba, tunda bai san wanne daga cikin ukun ya jawo ta ba, kuma gobe ba zai iya maimaitawa da gangan ba.

Game da rubutun kansa kuwa, akwai wani tsohon bincike da har yanzu nake ganin ya kamata kowane marubucin intanet ya sani. A 1997 Jakob Nielsen, masanin yadda mutane suke amfani da shafukan intanet, ya ba da rahoton cewa kashi 79 cikin 100 na waɗanda aka gwada suna bin shafi ne da ido sama-sama, kashi 16 kawai suke karantawa kalma bayan kalma. A lokacin ma a kwamfuta ake karatu, ba a ƙaramin allon waya ba. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne sakin layi na farko ya faɗi abin da mai karatu ya zo nema, kada a ɓoye shi a ƙasa ana ta gabatarwa. Hanyar da na fi amfana da ita wajen gyara hannuna ita ce in ɗauki rubutun wani da na karanta har ƙarshe ba tare da na gaji ba, in koma in bi shi a hankali, in tambayi kaina me jimlar farko ta yi mini, a ina ya kawo misali, a ina ya taƙaita. Hakan ya fi karanta jerin shawarwari goma a kan rubutu amfani nesa ba kusa ba, domin a nan ana ganin shawarar tana aiki a cikin rubutu mai rai.

A ɓangaren kafofin sada zumunta, tarkon da ya fi kama masu koyo shi ne alƙaluman da suke faranta rai. Yawan mabiya da yawan waɗanda suka nuna sun so abin da aka wallafa su ne a gaba-gaba a allo, kuma su ne mafi sauƙin ƙaruwa. Amma idan burin mutum shi ne a karanta rubutunsa ko a sayi hajarsa, tambayar da ta dace ita ce mutum nawa suka taso daga can suka iso shafinsa, kuma me suka yi da suka iso. Akwai wata dabara mai sauƙi ta sanin haka, wato liƙa 'yan alamomi da ake kira UTM a ƙarshen adireshin shafin kafin a raba shi. Alama ɗaya tana faɗin kafar da aka sa adireshin, ɗaya tana faɗin nau'in hanyar, ɗaya kuma sunan tallan. Da zarar mutum ya latsa, Google Analytics, wato manhajar Google mai ƙirga masu ziyartar shafi, zai nuna daga inda ya fito. Ranar da mai koyo ya fara ganin wannan jadawali, yakan yi mamakin yadda kafar da ya fi ɓata lokaci a kanta ba lallai ita ce take kawo masa masu karatu na gaske ba, kuma daga nan ne rabon lokacinsa yake fara tafiya bisa hujja.

Wani abin da yake damuna ƙwarai shi ne yadda shawarwarin da suka tsufa suke ci gaba da yawo, sababbin shiga suna ɗauka da zuciya ɗaya. Dokokin wannan fage suna sauyawa, kuma masu kafofin ne suke sauya su ba tare da neman izinin kowa ba. A 2011 da 2012 Google ya fito da sauye-sauye a injin bincikensa da aka sani da Panda da Penguin, waɗanda suka durƙusar da shafukan da suka dogara da rubutu marar nauyi da mahaɗan bogi, wato adiresoshin da ake dasawa a wasu shafuka don yaudarar injin bincike. A 2016 Instagram ya daina jera abubuwa bisa lokacin da aka wallafa su. A Janairun 2018 Mark Zuckerberg ya sanar cewa Facebook zai fifita abin da 'yan uwa da abokai suka wallafa a kan na kamfanoni da kafofin labarai. A Yulin 2023 tsohon tsarin Google Analytics ya daina karɓar bayanai, aka koma sabon tsarinsa mai suna GA4, don haka duk wani darasi da aka ɗauka a kan tsohon tsarin yana nuna allon da babu shi yanzu. Saboda haka abu na farko da nake dubawa a kowane darasi shi ne shekarar da aka yi shi, na biyu kuma ko mai maganar ya nuna hujja ko kuwa kwas ɗinsa na kuɗi yake son in saya. Idan magana ta shafi yadda wata kafa take aiki, na fi amincewa da shafin taimako na kamfanin da kansa fiye da bidiyon wanda ya ce ya gano sirri.

Wasu kafofin ma baki ɗaya suke rufewa. Vine ya tsaya a 2017, Google+ kuma a 2019, kuma waɗanda suka tara mabiya a can ba su iya kwashe su sun tafi da su ba. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Wannan ne ya sa nake ganin duk mai koyon talla a kafofin sada zumunta ya ware wani kaso na lokacinsa ya koyi abin da yake mallakinsa, wato shafinsa mai adireshin kansa, ko a WordPress (manhajar gina shafuka) yake ko a wani wuri, da kuma jerin adiresoshin imel na waɗanda suka amince da bakinsu a riƙa aiko musu da saƙo. Ko a nan ma sai an yi hattara da alƙaluma, domin tun 2021 da Apple ya kawo tsarin kare sirrin masu amfani da manhajarsa ta imel, adadin waɗanda aka ce sun buɗe saƙo ya daina zama abin dogaro, sai dai a duba waɗanda suka latsa abin da ke ciki ko suka ba da amsa.

Akwai matakin da alƙaluma ba su da abin cewa, wato farkon tafiya. Shafin da mutum 30 suke ziyarta a wata ba ya ba da adadin da za a gina hukunci a kansa, domin mutum biyu ko uku sun isa su juya lissafin gaba ɗaya. A wannan mataki mai duba aikin dole ya zama mutum. Nakan ba sabon shiga shawara ya nemi wani daga cikin irin mutanen da yake rubutawa dominsu, ya miƙa masa rubutun a waya, ya zauna gefe ya yi shiru yana kallo. Zai ga inda yatsan mai karatun ya fara gudu, da inda ya tsaya ya koma baya saboda bai gane ba. Bayan ya gama, kada a tambaye shi ko ya yi kyau, domin kunya za ta sa ya ce ya yi. A tambaye shi ya faɗi da bakinsa abin da rubutun yake cewa, da abin da zai yi yanzu da ya karanta. Idan amsarsa ta saɓa da abin da marubucin ya nufa, to an samu wurin gyara, kuma shi ne abin da za a shigar a littafin gwaji na wannan makon, tare da ranar da aka yi gyaran.